Gilashi Mai Launi da Bangon Alƙibla

Maginan dā a ƙasar Damagaram ba su ɗauki taga a bakin komai ba. Wanda ya taɓa shiga tsofaffin sorayen unguwar Birni a Zinder, ko zaurukan fadar Sarki, ya san abin da nake nufi: bango mai kauri, 'yar kafa can sama kusa da azara wadda kan yaro ma ba zai shiga ba, sai sanyi da duhu-duhu. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, ya ɗaga rufi sama ƙwarai, ya bar wa haske ƙofofi da 'yan kafofi kawai. Ba rashin wayo ba ne. A ƙasar da rana ke bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, aikin magini shi ne ya tare haske, ya bari kaɗan ya shigo.

Mu kuwa mun saki wannan dabara. Bi hanyar Magarya zuwa Bande, ko ka gangara Dungas har Dogo-Dogo, ka dubi sababbin masallatai: bulo, rufin kwano, manyan tagogin almuniyam da gilashin nan shuɗi mai ƙyalli da ake kawowa daga Kano. Da bazara in Azahar ta yi, rabin jama'a a gindin bedi suke shimfiɗa tabarma, don ciki ba ya shiguwa. Gilashi yana barin hasken rana ya wuce, amma zafin da siminti da darduma suka sha ba ya samun hanyar fita. Shekara da shekaru na yi ina koyar da wannan darasi a koleji, ga shi kuma ɗalibaina ne ke sa tagogin.

A kan taga ne kuwa muka yi ka-ce-na-ce a kwamitin masallacin unguwarmu. Alhajin da ya ɗauki nauyin rufi, mai fataucin riɗi da wake zuwa kasuwar Dawanau, ya zo zama da hoto a wayarsa. Masallacin Nasirul Mulki ne na Shiraz a ƙasar Iran, wanda aka gama a 1888: ginshiƙai masu murɗe, ga haske ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa ya zubo ta tagogi ya kwanta a kan darduma. Waya ta zaga hannu-hannu, kowa na ta salati. Alhaji ya ce irin wannan yake so a bangon gabas, sama da mihrabi, ko nawa ne.

Liman ya daɗe yana kallo kafin ya miƙa wayar.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma ba a gabana ba."

"Allah gafarta Malam, ai ba hoton mutum ba ne, launi ne kawai."

Liman bai ce haramun ne ba, mutum ne mai auna magana. Ya ce Shehu Halilu ya lissafa ƙawata alƙibla cikin abubuwan da aka karhanta, kuma daga Imamu Malik abin ya taso, don tsoron kada ido ya ja zuciya. Ya kawo labarin da ke cikin Muwaɗɗa, na mayafi mai zane da Abu Jahmi ya ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla da shi, yana sallamewa ya sa aka mayar saboda zanen ya ɗauki idonsa. Ya ƙara da Sayyidina Umar, wanda da zai sake ginin masallacin Madina ya umurci magini ya kare mutane daga ruwan sama, ya kuma gargaɗe shi kan ja da rawaya. Sannan ya faɗi tasa: "Mutum da zuciya ɗaya ya zo, ita ma rabinta tana gona. In ka ba sauran abin kallo, me ya rage wa Ubangiji?"

Aka juyo kaina, wai ni Mushe, malamin makaranta, na taɓa ganin irin abin da idona.

Na gani kam. Wani kwas na malamai ya taɓa kai ni Faransa, aka kai mu Chartres, garin da ke kudu maso yammacin Paris. Majami'ar garin ta ƙone a 1194, aka sake ta, kuma tagogi sama da 150 na farkon ƙarni na 13 suna nan har yau. Da yaƙi ya ƙarato a 1939 sai da aka cire su ɗaya-ɗaya aka ɓoye. Daga waje ba ka ganin komai sai baƙin gilashi mai toka-toka da zanen ƙarfe, har ka ce an ɓata maka lokaci. Ka shiga, duhu ya rufe ka. Sai idonka ya saba, sannan shuɗin ya fara fitowa, shuɗin da ban taɓa ganin irinsa a tufa ko a fenti ba, don shi ba a kan abu yake kwance ba, ta cikin abu yake zuwa. Gajimare ya gitta a waje, duk bangon ya dushe lokaci guda. Ya wuce, ya sake kamawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba na sama ba ne. A gindin tagogi da yawa an zana masu sana'a suna aikinsu: mahauci ya ɗaga gatari a kan sa, masu gashin burodi da kwandonsu, dukawa, masu ga-ruwa. Tagar labarin Annabi Nuhu masassaƙa ne a gindinta, ta Annabi Yusufu 'yan canji.

A nan kuma na ji abin da kowane Musulmi zai ji. Zana annabawa ba namu ba ne, ban yarda da shi a ranar ba, ban yarda da shi yau ba. Amma ban iya cewa hannun da ya yanka gilashin ba gwani ba ne, kuma ban ga abin da zai tilasta mini in haɗa biyun ba. Bahaushe ya daɗe yana sayen takobin maƙerin da ba ya salla. Yusuf Grillo, wanda ya yi karatun zane a Zariya a ƙarshen shekarun 1950 ya rasu a 2021, tagogin majami'un Legas na cikin ayyukan da aka fi saninsa da su, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello har yau ana koyar da fasahar gilashi. Sana'ar ba ta yi mana nisan da muke zato ba.

Sirrin shuɗin nan na Chartres ba wani tsafi ba ne. Gilashi yashi ne aka narka da gishirin da zai sassauta shi, toka ko kanwa, da ɗan farar ƙasa. Launin tun a tukunya ake zuba shi: ƙarfen kobal ya ba da shuɗi, tagulla ta ba da kore ko ja gwargwadon yadda aka sarrafa wutar, manganis ya ba da shunayya. Jan yana da kauri har in an bar shi shi kaɗai baƙi yake komawa, sai su shimfiɗa siririnsa a jikin farin gilashi. Rawayar da ake samu da azurfa kuwa, masu gilashin Misira sun san ta tun ƙarni na 8, ba ta shiga tagogin Turai ba sai farkon ƙarni na 14. Daga nan a yanka gunduwa-gunduwa bisa zane, a ɗaure su da igiyar darma mai kwarmi gefe biyu, a liƙe mahaɗa. Launin da ke cikin jikin gilashi shi ya sa shekara 800 ba ta ci shi ba. Ledar nan mai launi da samari ke mannawa a tagogin shaguna, bazara biyu ta ishe ta ta koɗe ta fara ɓarewa.

Da na ba kwamiti labarin yadda abin ya faro, sai ga shi rigimarmu tsohuwa ce. Wani shugaban gidan ibada mai suna Suger ya sake ginin majami'ar Saint-Denis kusa da Paris, aka buɗe sabon sashen a 1144, ya cika shi da tagogi. Hujjarsa ita ce hankalin ɗan Adam mai nauyi ne, ba ya tashi zuwa ga gaskiya sai ta kan abin da ido ya gani, don haka hasken taga tsani ne. A zamani guda kuma ga Bernard na Clairvaux, wanda ya yi kaca-kaca da adon gidajen ibada, yana cewa masu ibada sun koma karatun bango sun bar littafi, kuma bango na ƙyalli alhali matalauta na tsirara. Mabiyansa suka kafa doka: tagoginsu farare, babu hoto, babu launi. Liman ya yi murmushi ya ce, "Ashe su ma suna da Malikawansu."

Musulmi ba su jefar da gilashin ba, hoton suka jefar. A San'a ta Yaman da wuya ka ga tsohon gida babu ƙamariyya, wato rabin da'ira na farin filasta da aka sassaƙe aka cike da gilashi mai launi a saman taga. A masallatan Alƙahira akwai irinta, ƙanana, can sama. Masallacin Sulaimaniyya na Santanbul, da aka gama a 1557, a bangon alƙibla ma tagoginsa masu launi suke. Liman ya ce waɗannan Hanafawa ne, su da malamansu. Gaskiyarsa. Amma na lura da abu ɗaya: mutanen ƙasashen rana, in sun yi taga mai launi, ƙarama suke yi, filastan ya fi gilashin yawa, kuma sama da kai suke sa ta. Bature neman haske yake yi shi ya sa ya mayar da bango taga. Balarabe rage shi yake yi, kamar maginin Birni.

Ga inda na sha bamban da Liman, kuma ba a kan hukunci ba ne. Na yarda da Malik ɗari bisa ɗari cewa abin da ke ɗauke hankali a salla a kawar da shi. Tambayata ita ce wane bango ne zai ɗauke hankalin. Zanen fenti ko rubutu a jikin mihrabi yana nan dare da rana, duk sallar da ka zo zai tare ka. Gilashi ba haka yake ba, ba shi da launi sai rana na bayansa. Alƙiblarmu daga Magarya gabas ce ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 70 daga arewa, har ma daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana kusan daga bayan mihrabi take fitowa. To wace farilla ake yi rana na gabas? Asuba kafin fitowarta ce. Azahar ta riga ta gota. La'asar tana yamma, Magariba da Lisha babu ita. Tagar gabas tana kunnuwa ne daga fitowar rana zuwa hantsi, lokacin da babu sahu, sai tsofaffi masu jan carbi da almajirai masu bitar allo. Hoton Shiraz ɗin ma da ya ruɗi Alhaji da sassafe ake ɗaukarsa. Kafin Azahar launin ya janye daga kan dardumar.

Bangon da ya kamata a ji tsoro shi ne na baya, wanda littafi bai ambata ba. Sa gilashi mai launi a yamma ka ga aiki: da La'asar rana ta sauko ta bugo shi kai-tsaye, launin ya ratso ta kan kafaɗun mutane ya faɗi daidai wurin sujada, ya hau rigar na gabanka, yana tafiya a hankali. Wanda zai iya riƙe zuciyarsa a cikin wannan, waliyyi ne. Ka bi harafin hukunci, ka bar alƙibla fara ka ƙawata baya, ka faɗa cikin abin da hukuncin ke gudu. Ka bi dalilinsa, sai ka ga ya tashi daga gabas ya koma yamma.

Liman ya karɓi rabin maganar nan take: yamma babu launi, an gama. Rabin na biyu ya ce littafi alƙibla ya ce, shi kuma ba zai zama limamin da aka fara a kansa ba, kuma akwai mai sallar walha. Ban ga laifinsa ba. Wanda ke riƙe da jama'a ba ya gudu a inda mai alli da allo ke gudu, kuma abin da aka buɗe da lissafin digiri, wanda zai zo baya ba da lissafi zai faɗaɗa shi ba.

Sai dai akwai tambayar da ta fi wannan, wadda ba a yi mini ita a zaman ba, ni na yi wa kaina. In an tabbatar abin ba ya cutarwa, to amfanin me yake yi? Masallaci ba ya buƙatarsa. Annabi ya yi salla a ƙarƙashin rufin ganyen dabino mai yoyo.

Amsar da nake da ita daga Imamu Gazali na samo ta, a ɗan littafinsa Mishkatul Anwar, wanda ya gina a kan ayar haske ta Suratun Nur, ayar da ta ambaci fitila a cikin ƙarau. Ya rasu a 1111, kafin Suger ya ɗora tubalinsa. Ya kawo misalin mutanen da ke kallon korayen ganye da rana tsaka, su rantse babu abin da suke gani sai kore, su musanta cewa akwai wani abu wai shi haske tare da launin. Sai rana ta faɗi, koren ya ɓace alhali ganyen na nan, sannan su gane da wani abu suke gani. Haske ya ɓuya ne saboda tsananin bayyanarsa. Ubangiji kuwa ba ya faɗuwa balle a gane shi da rashinsa, shi ya sa gafala ta yi mana sauƙi.

In akwai mutanen da misalin nan ya fi kama, mu ne. Wa ya taɓa tsayawa a Dungas cikin watan Afrilu ya yi tunanin haske? Gudunsa muke yi. Yana ko'ina, yana da yawa, ba ya kalluwa, don haka ba ma ganinsa. Gero muke gani, da yashi, da fuskar mai bin mu bashi. Abin da ƙaramar taga mai launi ke yi shi ne ta rage haske har ya zama abin da ido zai iya riƙewa, ta ba shi iyaka da gefe, ta ajiye shi a bango. Sannan ka ga yana tafiya. Ka ɗaga kai daga Alƙur'ani ka tarar ɗigon koren da ke kan ginshiƙi ya sauka taki guda, ba wanda ya taɓa shi. Ladanan da na tasa na tarar, da tafin ƙafa suke auna inuwa su san Azahar da La'asar, salla da rana a ɗaure suke a idonsu. Yanzu agogon bango ne mai jan lamba, da waya. Ba na kuka da agogo, amma an cire rana daga masallaci an bar mana zafinta kawai.

Gilashin kansa kuma bai mallaki komai ba. Da rana, na ciki ke ganin kyansa, na waje baƙi yake gani. Da dare in an kunna ƙwai, abin ya juya, mai wucewa a titi ke ganin launi, na ciki duhu. Ba shi da lokacin da yake da kyau don kansa. Masarautar Mamluk ta Alƙahira a ƙarni na 14 ta cika masallatai da fitilun ƙarau da aka rubuta ayar haske a wuyansu, kuma ina jin masu yin su sun fahimci wannan: tulu ne kawai har sai an kunna lagwani. Suratun Namli ma ta ba mu Bilƙisu, da ta ga daɓen ƙarau a fadar Annabi Sulaimanu ta zaci ruwa ne har ta kwashe tufa. Da aka gaya mata abin da yake, a nan ta gane idonta na iya yaudararta, a nan ta miƙa wuya. Liman zai ce ga shi nan, gilashi mayaudari ne. Ni kuma in ce yaudarar ce ta buɗe mata ido. Ayar ta ɗauke mu duka biyu.

Wanda ya kashe maganar Alhaji ba Liman ba ne, wani matashi ne ma'aikacin lafiya da ke riƙe mana littafin kuɗi. Ya ce shi bai san Gazali ba, abin da ya sani shi ne duk shekara daga tsakiyar damina zuwa kaka, sashen yara na asibitin Magarya, inda likitocin ƙungiyar MSF ke aiki tun 2005, cika yake yi da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa, kuma unguwarmu mata na kwana a layin famfo. "Baba Alhaji, wane launi?" Ba ni da amsar da za ta kayar da wannan, ban kuma nema ba. Bernard ya faɗe ta tun ƙarni na 12, ba ta tsufa ba. Na san masu cewa in za a jira talauci ya ƙare ba za a taɓa yin abu mai kyau ba, kuma akwai gaskiya a ciki, ai matar da ba ta da awon gobe ma tana jere kwanoninta tana goge su. Amma jere da kwanonka daban, aiko da akwatunan gilashi daga wata ƙasa da kuɗin da zai haƙa rijiya daban. Kuɗin Alhaji famfo suka tafi, a ƙofar masallaci, kuma shi ya fi kowa murna a ƙarshe don sunansa ake ambata kullum.

Ni dai abin bai sake ni ba. Akwai wani tsohon ɗalibina mai shagon almuniyam kusa da tasha, bayan shagonsa tarin ɓaraguzan gilashi ne da ba su da mai saye. Na ce masa, ɗana, koya mini yanka. Ya yi dariya, ya ce yau Mushe ne a benci.

Yana shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, ya kwantar da gilashin, ya goge ƙura. Ya tsoma bakin abin yankan a kananzir, ya dafa ma'auni da hagu, ya ja layi sau ɗaya tak daga gefe zuwa gefe, ka ji ƙara siririya kamar ana yage sabon yadi. In ƙarar ta yi gargada, ka danna da yawa; in babu ita, ba ka yi komai ba. Ba a maimaita layi, in ka koma kansa ka kashe bakin ƙarfen ka ɓata yankan. Sai ya juya ƙotar ya ƙwanƙwasa ta ƙasa, ka ga tsagar ta kama tana bin layin, ya sa manyan yatsu biyu gefe da gefe, ƙas, ya rabu. Ba yanka ba ne a gaskiya, nuna wa gilashi inda zai karye ne. Miƙaƙƙen layi yana bi ba musu. Lanƙwasa ta waje da lallashi. Lanƙwasa ta ciki kuwa sai ya ga dama, yawanci tsagar ta bar layinka ta yi tafiyarta. Shi ya sa muka bar dagi, duk da shi Alhaji ya so, muka ɗauki zanen aska irin na wuyan babbar riga, wanda duk tsini ne da miƙaƙƙun layuka.

Igiyar darma babu ita a kasuwarmu. Yaron ya ce a narka ta tsohon batir, na ce a'a. Gubar darma ce ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ba zan sa a hura ta a bayan shagon da yara ke wasa ba. Muka bi hanyar mutanen San'a: aka zuba filasta a katako ya yi kauri yatsa uku, tun yana da danshi aka zana aka huda da wuƙa. Ramukan ba a miƙe ake huda su ba, a karkace ake yi suna kallon ƙasa, don wanda ke zaune ya ga launin kuma hasken ya sauko maimakon ya tsaya a silin. Gilashin a baya ake ɗora shi a liƙe da ruwan filasta. Shuɗi da ruwan toka daga ragowar tagogi suka fito. Kore da ruwan ƙasa daga gindin kwalabe. Yaron ya ce koren kwalbar giya ya fi na lemo zurfi, muka aika aka tambayi Liman. Ya ce ƙarau ba ya shan najasa, in an wanke ya tsarkaka, amma bakin mutane ba ya wankuwa, a nemi ta lemo.

Wani abu da ke sosa mini rai duk lokacin da na ga buhunan kanwar Manga ana lodi za a yi Maigatari da su: kayan gilashi ke nan ke wuce mu. Da irin wannan kanwa, ta Wadin Naɗrun a Misira, Rumawa suka yi gilashinsu, da ita kuma Nufawan unguwar Masaga a Bida suka narka yashi suka yi ƙarau da duwatsun wuya kafin kwalba ta yawaita su koma narka ta. Yashi kuwa sai dai mu ba wani. Abin da ba mu da shi itace ne, don tukunyar tana son wuta sama da digiri 1000, kwana da kwanaki. Gawon da manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka yi shekaru suna reno a gonakinsu har duniya ta zo kallo, ba za a sare shi don taga ba. Ɓaraguzan sun ishe mu.

Tagogi biyu muka yi, kowace ba ta kai kamu ɗaya ba. Liman bai yarda da saman mihrabi ba har yau, amma ya bari aka sa su a kusurwoyin bangon gabas, can ƙarƙashin rufi, inda mai salla sai ya karya wuya zai gan su. Sauran tagogin na ƙarfe ne masu buɗewa, iska na ratsawa. Da hunturu ƙura kan dushe gilashin, ladan ya ɗaura tsumma a gora ya share, yana mita wai an ƙara masa aiki.

Ja ne ya gagare mu, da rawaya ta gaske. Jan gilashi na ainihi da zinariya ko wasu ma'adinai masu tsada ake yinsa yanzu, ba ya zuwa cikin kayan taga, fitilar bayan mota kuma da muka sa rai a kanta roba ce. Ranar da Liman ya biyo ta shagon ya ji muna wannan ƙorafi, ya tsaya ya jingina da sandarsa.

"Mushe, ja da rawaya Sayyidina Umar ya hana, ku kuma su kuka rasa. Ban sani ba ko biyayya ce ko talauci."

Yaron dai bai haƙura ba. Ya ba wani direban Babura sallahu ya duba masa a Kano, ko da faɗin tafin hannu ne.